Mai Lalle Ta Rasu da Buhun Gero a Kujerar Gaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu naɗe da bandeji, Malam Uwaisu Mazanya, direban layin Jibiya zuwa Maraɗi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa zama cikinta, ko da rage masa hanya aka yi, cewa motarsa Mai Lalle ta rasu. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, a kan rairayin gulbi a bayan gari, gaban mutanen tasha waɗanda ba wanda ya gayyace su. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan kalma ana faɗinta a kan kowace irin asara, saboda haka kada wani malami ya taso. Ba za a yi mata salla ba. Uwaisu bai haukace ba, ya san mota ce. Amma za a faɗi alherinta, a kuma faɗi cutar da ta kashe ta, don magana na ta yawo a gari kowa da ƙarin da yake yi mata. In an ga rubutu ya karkace, ba ƙarancin boko ba ne kaɗai, yatsu ne suka ƙone.

Marigayiya ta tafi ta bar aiki guda a gabanta, wanda ya fi duk wani da ta taɓa yi. Ranar Asabar mai zuwa ita ce za ta je Maraɗi ta ɗauko yarinyar gidan, wadda cikinta na fari ya tsufa, ta kawo ta goyon ciki gaban uwarta Talatu, matar Uwaisu. A kujerar gaba aka shirya ɗauko ta. Yarinyar 'yar fari ce, don haka ba za a ga sunanta a takardar nan ba. Uwaisu bai taɓa kiran sunan nan ba tun ranar da aka raɗa shi, ba kuma yau zai fara ba.

An haifi Mai Lalle a ƙasar Turawa, a wani kamfani da ba za a kama sunansa ba, don ba a zagin iyaye a zaman makoki. Ta yi ƙuruciyarta a hannun wani mutum da ba a sani ba, wanda ya manta da tabarau ɗinsa a aljihun ƙofa. Daga nan ta hawo jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta biyo ayarin motoci har Maraɗi, ta ƙetaro Ɗan Isa da Magama, ta faɗo hannun Uwaisu. Launinta ja ne mai duhu, irin na lallen da ya kama da kyau, shi ya sa Talatu ta sa mata wannan suna. Ba babba ba ce irin ta masu mulki, ba kuma ƙaramar nan ba ce da gwiwa ke gaisawa da haɓa. Tsaka-tsaki ce, ƙofa huɗu, da but mai cin buhu uku in an lallaɓa ta.

Shaidar da za a yi mata ta gaskiya ce. Ba ta taɓa neman turi da safe ba. In an murɗa makulli sai ta ce ciki-ciki-ciki, ruuum, sannan ta kwantar da murya ta koma dir-dir-dir kamar kyanwar da ta ƙoshi. Ba ta shan mai kamar wadda aka yi wa baki. Ba ta taɓa tafasa a tsakiyar hanya ta sa mata da yara zama gindin ƙaya ba. Tana da wani ƙwas-ƙwas a ƙafar baya ta hagu, wanda take yi in an shiga ramukan bayan Magama, bakanike uku sun neme shi ba su same shi ba, aka bar mata abinta. Jandarmomin Ɗan Isa sun san hon ɗinta tun daga nesa, pim-pim, piiim, har wani cikinsu yakan ɗaga sanda kafin ta iso. 'Yan duwan, kwastan na can, sun sha kwanciya ƙarƙashinta da tocila ba su ga komai ba, don lokacin da kowa ke yi wa motarsa ciki biyu saboda ƙetarar da fetur, Uwaisu ya ce tasa da ciki ɗaya aka haife ta, da shi za ta mutu. Da aka rufe boda ta yi watanni a gindin bedi, kaji na kwana a kanta, ranar da aka buɗe kuma makulli ɗaya ta tashi, ba ta ko yi tari ba. Ta ɗauki amare, ta ɗauki marasa lafiya, ta ɗauki ragon da ya yi mata fitsari a but, ba ta riƙe kowa a zuciya ba.

Amma abin da aka fi saninta da shi a tasha shi ne balan-balan. Wanda bai sani ba, wata jaka ce da ke ɓoye cikin dashbod, daidai gaban mai zama a kujerar gaba, wadda in an yi karo take kumbura ta tare mutum kada ya bugu. Motocin layin nan kusan duk an zare musu ita. Wasu tun a Kwatano aka sace, wasu masu motar ne da kansu suka cire suka sayar wa 'yan kayan gyara, aka cusa tsumma a ramin aka liƙe. Abdu, wanda ke bin Uwaisu a layin lodi, shi ma haka ya yi, har yana cewa jakar da ba a ganinta ba ta ƙara wa mota gudu. Mai Lalle kaɗai ta rage da tata. Uwaisu ya yi gadin abin nan kamar rumbu. Bai taɓa barin mota ta kwana a gareji ba. In ana gyara yana tsaye, ko fitsari ya matse shi. Ya saya wa dashbod wani kafet mai gashi ya shimfiɗa don kada rana ta dame shi. Motar Abdu kuwa ya sa mata suna Ƙwarya, ya ce waje sumul, ciki wayam.

Saboda balan-balan ɗin nan ne kujerar gaban Mai Lalle ta zama ba ta kowa ba. Sauran direbobi mutum biyu suke cusawa a gaba, shi ɗaya, shi ma sai ya duba fuska. Tsoho, ko mai jinya, ko malamin da ya koyar da shi alwala. In kuwa yarinyar gidan za ta yi tafiya, tun tana makaranta har ranar da aka kai ta ɗakinta a Maraɗi, ba ya ce mata komai. Zagayawa yake ya buɗe ƙofar gaba, ya tsaya yana kallon wani wuri daban har ta shiga, ya ce wa iska a ɗaura bel. Mutumin da ba ya iya kiran suna, abin da ya iya ke nan.

Yanzu ga yadda cutar ta bayyana. Mijin yarinyar, Yusha'u, dillalin motoci ne a Maraɗi, yana hulɗa da mutanen Kwatano. A bakinsu ya ji cewa kamfanin da ya ƙera irin Mai Lalle ya yi shela tun shekarun baya, ya ce duk mai irinta ta wannan shekarar ya maido a canza masa balan-balan kyauta. Wai akwai wani gwangwanin ƙarfe a bayan jakar, mai hoda a ciki, shi ke hura ta. Tun a wurin ƙira aka yi kuskure. In ya daɗe yana shan zafi sai hodar ta lalace, ranar da aka yi karo, maimakon ya hura jaka sai ya tarwatse ya watsa wa mutum ƙarfe a fuska da ƙirji. A can ƙasarsu an bi gida gida ana kira. Kiran Mai Lalle ya je wurin mai tabarau, shi kuwa ya daɗe da rabuwa da ita. Mota ta hawo jirgi, kira bai hawo ba. Ta zo ta yi shekaru tana shan ranar Jibiya.

Yusha'u yaro ne mai kunya. Ba zai iya buɗe baki ya ce wa surukinsa motarka na da aibi ba. Sai ya bugo waya, ya yi gaisuwa har ta ishi mutum, sannan ya ce, "Baba, da an huta ranar Asabar, ni sai in kawo ta."

Uwaisu ya ce, "Wa ya ce maka na gaji?"

Yaro ya ce a yi haƙuri, ya kashe. Sai ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa uwarta, uwar ta jira har Uwaisu ya sa hannu a tuwo.

"Malam, wai abin nan na gaban mota da kake taƙama da shi, an ce shi ne cutar. Masu motar ma sun ce a maido musu."

"A maido musu ina? Su suka saya?"

"Ni ban sani ba. Ni dai ɗiyata ba ta zama gabanshi da cikin nan."

"Kujerar da ta fi kowace lafiya a Jibiya?"

"To ka zauna kai."

Ya tsame hannu. Daga ranar nan zama ya gagare shi. Ya fita ya zagaya mota, ya dawo. Ya sake fita, ya buɗe ƙofar gaba, ya zauna inda yarinyar ke zama, ya ɗage kafet ya ƙura wa dashbod ido. Ya ƙwanƙwasa, bai ji komai ba. Ya kara kunne kamar mai sauraron ƙwai. Ya je tasha, layinsa ya zo, ya ce a ba Abdu. Ya tafi gonarsa ta Mazanya, bai kai rabin hanya ba ya juyo. Abin da ke cin sa guda ne. In ya cire, maganar ta zama ƙarya, ya ɗauko yarinya ba abin da zai tare ta, a hanyar da kamiyo, manyan motocin kaya, ke shigo wa mutum hannu ba sallama. In ya bari, maganar ta zama gaskiya, to shi da hannunsa ya buɗe mata ƙofa. Maganar Turawan da suka yi kuskure da fari, ta biyo bakin Kwatano, ta biyo bakin suruki, ta biyo bakin mata biyu, ita ce zai ɗora ran yarinya a kai? Ya ce sai ya gani da idonsa.

Ya je wurin Arzika bakanike, wanda shi kaɗai ya yarda ya taɓa motar. Arzika ya ce, "Malam Uwaisu, a zare shi kawai. Kafin shayi ya huce na gama. In gani kake so, mu kai shi bakin gulbi mu kifa shi a rairayi, in ja waya in tayar maka da shi."

"A rairayi yarinyar za ta zauna? A mazauninsa za a tayar da shi, in ga inda yake nufa."

"In ya tashi fa ya tashi ke nan, ko mai kyau ne ba ya komawa."

"In mai kyau ne a nemo wani a Kano."

"Wanda za a nemo ai ɗan gidansu ne."

"Arzika, waya kake ja ko wa'azi?"

Haka aka yi. Ranar Laraba Uwaisu ya tuƙa ta da kansa zuwa bayan gari. Ta tashi makulli ɗaya kamar kullum, ta yi ƙwas-ƙwas ɗinta a gangaren gulbi, ba ta san inda za a kai ta ba. Labari ya riga su isa. 'Yan kamasho, masu acaba, direbobin da ba su da lodi, har mai rake ya turo kurarsa. Aka ɗauko buhun gero na gonar Mazanya aka zaunar da shi a kujerar gaba, aka ja kujerar daidai yadda yarinyar ke ja, Uwaisu ya ɗaura masa bel. Sai Abdu, da ba ya ganin abu ya bari, ya hango wani gyalen Talatu da ta manta a kujerar baya, ya ɗauko ya yafa wa buhu, ya gyara masa a kafaɗa.

"Hajiya, a gyara zama. Yau ke ce a gidan gaba."

Aka yi dariya. Uwaisu bai yi ba, amma bai cire gyalen ba.

Arzika ya ja wayarsa mai tsawo har bayan wani tudun rairayi, ya aje batir, kowa ya ja da baya. Ya ce, "Har yanzu ana iya fasawa."

Uwaisu ya ce, "Taɓa."

Marigayiya ba ta taɓa yin irin wannan murya ba. Tau! Kamar an harba bindigar toka cikin ɗaki. Gilashin gaba ya yi fari ya zube. Mai rake ya bar kurarsa. Da hayaƙi ya ɗan ja, sai aka ga jakar ba ta ko kumbura ba, ta yage tana lilo kamar tsumma. Gyale ya huje. Gero na zuba daga buhu, shaaa, ta sama daidai wuya, ta ƙasa daidai inda bel ya ratsa. Ana jin zubar geron nan har bayan tudu. Sannan kafet mai gashi ya kama da wuta.

Abin da ya biyo baya shi ne ake ta ƙari a kai, to ga gaskiyarsa. Uwaisu ya ruga. Arzika ya riƙe masa riga, rigar ta yage. Ya fizge ƙofa, bel ya ƙi buɗewa, ya sa hannu cikin wuta ya ɓalle shi, ya rungumo buhu ya fito da shi, ya kai shi nesa ya kwantar a rairayi, ya tattoshe hujin da tafin hannu. Takardun mota suna ciki, bai ɗauko ba. Wayarsa tana ciki, bai ɗauko ba. Gero abinci ne, ba a barin abinci ya ƙone, dalili ke nan. Masu cewa sun ji yana kiran wani suna da ƙarfi lokacin da yake gudu, har sau uku, su je a duba musu kunne. An yi ƙara a wurin, kowa kunnensa ya toshe.

Jama'a sun yi ƙoƙari, an watsa rairayi da hannu da hula da takalmi. Amma akwai galan ɗin fetur na ko-ta-kwana a but, wuta ta same shi. Da wayoyinta suka narke, hon ya kama da kansa, piiiiiii, ya yi ta yi ba tsayawa, har murya ta shaƙe ta koma kamar ta ɗan akuya, ta ɗauke. Nan ta cika.

Da yamma Talatu ta sheƙe geron da aka kwaso daga rairayi. Tana bakace sai ga gutsattsarin ƙarfe a faifai, baƙi, masu kaifi, babban cikinsu ya kai rabin reza. Ta ɗauko shi ta ɗora wa Uwaisu a kan bandeji. Ta ce, "Ga abin da ka yi shekara da shekaru kana gadi." Ta koma bakacenta. Ƙarfen yana aljihunsa yanzu haka, mai son gani ya tambaya.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, Uwaisu, wanda in ya ji mota ta yi pim-pim a titi har yanzu sai ya miƙe. Ta bar Talatu da gyale mai huji. Ta bar safayar taya da jak, waɗanda Allah ya sa an sauke su a gareji. Makulli a jikinta ya narke. Tabarau ɗin Bature ya bi ta, ya je can ya ba da bayani. Ta bar buhun gero, wanda aka ɗinke, yana samun sauƙi, an jingine shi a ɗakin Talatu. Ba na sayarwa ba ne, ba na tuwo ba ne. Da shi za a dama wa mai jego kunun kanwa in Allah ya sauke ta lafiya.

Ta kuma bar 'yan'uwa mata da yawa, uwa ɗaya uba ɗaya, suna yawo tsakanin Katsina da Maraɗi, ta Kusa, ta Ɗan Isa, wasu sun yi Kano. Duk mai irinta, kada ya jira kira, kiran ba ya da kuɗin jirgi. Ya kai wa Arzika ya duba. In akwai abin a ciki a zare, a kai shi rairayi a kifa, a tayar da shi a can. A waje, ba cikin mota ba. Wannan shawara ce daga wanda ya gwada ɗayar hanyar. Shi kuma Abdu ya rage dariya. Balan-balan ɗin da ya cire ya sayar bai mutu ba, yana cikin dashbod ɗin wani, gaban 'yar wani. Ya tuna wa ya sayar wa, ya buga masa waya.

Ga yadda aka tsara sutura. Gawa tana nan inda ta faɗi, an sa mata ƙaya kada yara su hau. Ranar Juma'a bayan la'asar 'yan gwangwan za su zo da a-kori-kura su ɗauke ta. Uwaisu ba zai tsaya a ga ana sara ba. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a gindin bedin garejin Arzika daga nan zuwa magariba, yini ɗaya tak, ba uku ba bakwai. Akwai shayi, kowa ya zo da kofinsa. Mai zuwa ya ce "ai an gaya maka" ya yi zamansa a gida. Mai zuwa ya tayar da maganar suna, shi ma haka. Yusha'u kada ya wahalar da kansa, gaisuwarsa ta iso, an kuma ji abin da ya faɗa da wanda ya kasa faɗa. Yaron kirki ne. Wannan ma a nan kawai za a faɗe ta.

Ba za a tsawaita makoki ba saboda akwai tafiya. Ranar Asabar da sassafe za a tashi zuwa Maraɗi a motar Abdu, wadda daga yau an daina ce mata Ƙwarya, a gaban mai ita dai. Abdu ne zai tuƙa, don hannun Uwaisu bai riƙe sitiyari tukuna. An riga an ɓalle dashbod ɗinta, Uwaisu ya zura hannu har gwiwar hannu ya laluba, tsumma ne kawai, tsumma mai albarka. A dawowa yarinyar za ta zauna a baya, a tsakiya, jikin uwarta, da filo. Ba za a ɗauki fasinja ba ko na rage hanya. Ba za a wuce kamiyo a kwana ba. Uwaisu ne zai zauna a kujerar gaba, ba kuma zai waiwaya ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce wa Abdu ya ɗan karkato masa madubin tsakiya, don ya riƙa ganin motocin da ke biyo su.

Masu niyyar addu'a, kada su ɓata ta a kan ƙarfe, ƙarfe ya gama nasa. Su yi wa mai ciki.

Sanarwa daga Malam Uwaisu Mazanya, tashar Maraɗi, Jibiya, a madadin iyalai.